Ɗaga-Saki: Yadda Ake Farautar Kifin Maski a Ruwa Mai Zurfi

Ranar da aka fara miƙo mini koton nan, dariya na yi. Wani guntun roba ne fari mai siffar kifi, tsawonsa kamar taƙi ɗaya, an cusa masa dalma a ciki, ƙugiya biyu masu baki uku-uku suna reto a jikinsa, a wutsiya kuma ɗan farantin ƙarfe kamar bakin cokalin shayi. Na jinjina shi, na ji nauyin madaidaicin mangwaro. Muna tsakiyar kogin Ditroit a ƙarshen Oktoba, Amurka na gefe guda, Kanada na ɗaya gefen, iska tana yankan kunne. Dattijon da ke da jirgin bai kula dariyata ba. Ya nuna ruwa da haɓa ya ce, “Sake shi har ya taɓa ƙasa. In ya taɓa, ɗaga. In ka ɗaga, mayar. Sauran aikin nawa ne.” Sai da na yi fita uku tare da shi kafin na fahimci abin da yake nufi da “sauran aikin”, kuma a kansa ne yawancin wannan bayani zai tsaya.

Maski shi ne babba a danginsa, kifi ne dogo mai bakin agwagwa da haƙora kamar tsinin wuƙa, wanda ke rayuwa a tafkuna da kogunan Arewacin Amurka. Sunan ya samo asali ne daga harshen Ojibwe, ɗaya daga cikin al'ummomin da ke zaune a yankin tun kafin zuwan Turawa. Jihar Wiskonsin ta ɗauke shi kifinta na alfahari tun 1955, a garin Hayward ma har gini aka yi mai siffarsa, ana hawa a leƙo ta bakinsa. Biyu daga cikin manyan da ake ta cece-kuce a kansu a 1949 aka kama su a wannan yanki: na Louie Spray mai kilo 31 da rabi, da na Cal Johnson mai kilo 30 da rabi. Har yau masunta ba su daina gardama kan sahihancin awon ba. Ɗaya daga cikin waɗanda babu gardama a kansu shi ne na tafkin Mille Lacs a Minesota, mai kilo 25 da 'yan kai, da aka kama a Nuwamban 2021. Masu neman sa suna masa kirari da kifin jifa dubu goma, domin mutum yana iya kwana uku yana jifa bai ko ga inuwarsa ba. Wanda ya san giwan ruwa ya san irin halin: babban mafarauci ba ya yawa a ruwa, kuma ba kullum yake cin abinci ba.

An fi sanin hanya biyu ta kama shi. Ko dai a tsaya a jirgi ana jifa da koto ana janyowa kusa da ciyayi da duwatsu, ko a zuba igiyoyi a bayan jirgi ana tafiya a hankali. Duka biyun suna da gurbin da ba sa kaiwa. Koton da aka jefa, kafin ya nutse mita takwas ruwa ya riga ya kwashe shi, kuma da an fara janyowa sai ya taso. Wanda ake ja a bayan jirgi kuwa wucewa yake yi ta kan kifi, daƙiƙa ɗaya ko biyu ya ɓace. To maskin da ya kwanta a gindin gangara, bayan wani dutse, yana jiran abinci ya zo masa, sai an kai masa koto har gaban hancinsa an bar shi yana tsalle a nan. Wannan shi ne abin da Turawa ke kira jigin, ni kuwa na fi son in kira shi ɗaga-saki, domin sunan ya faɗi aikin.

A kogin Ditroit ne wannan salo ya yi suna. Kogin bai wuce kilomita 45 ba, yana ɗauko ruwan tafkin St. Clair ya zuba a tafkin Erie. Shi tafkin St. Clair faranti ne, zurfinsa a yawancin wurare bai fi mita uku da rabi ba, amma kogin yana da kwari mai zurfi inda jiragen dakon kaya ke bi. Masuntan wurin sun daɗe suna ɗaga-saki don kama ƙananan kifaye a farkon bazara. Wani jagoran masunta daga Windsor, Jon Bondy, shi ya ɗauki dabarar ya ƙera mata ƙaton koto daidai bakin maski, wanda ake sayarwa da sunan Bondy Bait, nauyinsa kusan giram 200. Shi ne aka miƙo mini ranar. Akwai wasu: Fuzzy Duzzit, wanda fallen ƙarfe ne da ke karkarwa idan an ɗaga shi, da manyan bututun roba masu geza irin na Red October, da Bull Dawg mai doguwar wutsiya. Ga mai koyo, shawarata ya fara da na roba mai nauyi, domin nauyin yana yafe kuskure da yawa.

Maganar launi ba ta kai yadda ake zuzuta ta a shaguna ba. Fari ɗaya, baƙi ɗaya, da wani mai ƙyalli saboda ranar da ruwa ya gurɓace, sun ishe ka. A zurfin mita takwas haske kaɗan ne, kifin ya fi dogara da layin nan da ke gefen jikinsa mai jin motsin ruwa. Shi ya sa ɗan farantin wutsiya ya fi launi muhimmanci. Kafin ka saki koto, tsoma shi a gefen jirgi ka ga farantin yana juyawa.

Sanda ta zama mai ƙarfi, tsawon mita biyu da rabi ko abin da ya yi kusa, wadda ba ta lanƙwasa sai can wajen tsini. Manaɗin igiya ya zama babba, mai birki da ba ya zamewa. Igiya kuwa tufkakkiya, mai ɗaukar kilo 36 zuwa 45. Za ka ce ina kifin da ya kai haka? Ba don nauyin kifin ba ne, don fizga ne, da gogar duwatsu, da ƙananan kwansarin nan masu kaifi da suka mamaye ƙasan ruwan yankin tun da aka fara ganin su a St. Clair a 1988. Tufkakkiyar igiya ba ta miƙewa kamar ta roba, don haka duk abin da ya taɓa koto a ƙasa sai ka ji shi a hannu. Tsakanin igiya da koto a sa guntun waya mai tauri, santimita 25 zuwa 30. Haƙoran maski suna datse igiya kamar yadda tsage ke yi, sannan taurin wayar yana hana ƙugiya ta harɗe da igiya lokacin da koto ke faɗuwa. Ƙugiyoyin nan, ko sababbi ne daga leda, a bi su da magagari. Gwajin shi ne ka ja bakin a kan farcen babban yatsa: in ya zame, bai yi ba, in ya kama, ya yi.

Yanzu ga ainihin sana'ar. Dole igiyarka ta tsaya cak, daga tsinin sanda zuwa koto, kamar igiyar guga a rijiya. Da ta karkace, abubuwa uku sun lalace a take. Koto ya daina tsalle ya koma jan ciki, ya dinga kwasar ciyawa yana maƙalewa. Ka daina jin ƙasa. In kifi ya kama kuma, fizgarka za ta ƙare ne wajen miƙar da lanƙwasar igiya, ba ta isa bakinsa ba.

Yadda ake tsayar da ita shi ne abin da ke rikita baƙo. Kowa in ya ga kogi yana gudu sai ya ɗauka da ruwa zai yi kokawa, ya kunna inji ya tokare. Kuskure ne. Koton da ke ƙasa ruwa ne ke tafiya da shi, saboda haka so ake jirgi ya bi ruwa daidai da saurinsa, ba gaba ba baya. In da babu iska, da sai ka kashe komai ka bar ruwa ya tafi da ku tare. Iska ce abokiyar gaba: ita ke tura jirgi ya wuce koto ko ta riƙe shi koto ya wuce. Don haka ake juya goshin jirgi ya fuskanci iska, ko daga ina take busowa, a yi amfani da ƙaramin injin lantarkin nan na goshi, wanda ake takawa da ƙafa, a soke ƙarfinta. In iska tana bin ruwa, goshi ya kalli sama. In tana tahowa daga gangare, goshi ya kalli gangare, ka dinga ɗan tura jirgin gaba don ya cim ma ruwan. In daga gefe take, goshi ya kalli gaɓar da take fitowa.

Idonka kada ya bar inda igiya ta shiga ruwa. Duk inda ta karkata, can koto yake, can za ka bi. Dattijon nan ya kira abin “bin igiya”. Taku ɗaya na daƙiƙa biyu, ka ɗaga ƙafa, ka duba, ka sake takawa. Na lura ƙafarsa ba ta hutawa minti ɗaya cikakke, alhali yana hira yana kurɓar shayi. Ranar da ya ba ni wurin, cikin minti goma na kai mu tsakiyar hanyar jirage, igiyata ta shige ƙarƙashin jirgi, tasa ta miƙe can baya, koto biyu suka rungumi juna a ƙasa. Bai ce komai ba, ya ɗauko filaya. In ku biyu ne ko uku, ku yi amfani da koto masu nauyi ɗaya da igiya mai kauri ɗaya, kuma ku matso goshi. Wanda ke kan inji igiyarsa yake bi. In taku ta bambanta da tasa, ku ne a wahala. Idan iska ta yi ƙarfin da ba ka iya tsayar da igiya, ƙara nauyin koto. In hakan bai yi ba, nemi inuwar tsibiri ko ka koma gida.

Inda za a bi shi ne bakin kwari, wato layin da ƙasa ke gangarawa daga mita biyar ko shida zuwa takwas ko tara. Na'urar leƙen ƙasan ruwa za ta nuna maka. Ka hau sama, ka kashe babban inji tun da nisa, ka biyo layin da ruwa na rabin kilomita ko fiye, sannan ka zagaya ta gefe ka koma ka sake. Kada ka bi ta kan wurin da babban inji a kan hanyar komawa. Kowane zagaye ka ɗan canja zurfi: wannan ta saman gangara, na gaba ta tsakiya, na uku ta gindi. Wuraren da suka fi su ne bayan tsibiri inda ruwa biyu ke haɗuwa, da lanƙwasar kwari, da duk wani gurbi ko tarin duwatsu da ke karya ƙarfin ruwa. In ka sami kifi, danna alama a na'ura nan take. Abin da ya ajiye shi a wurin zai ajiye wani.

Ɗagawar kanta ba ta son gaggawa. Ka saki koto da yatsa a kan manaɗi har ka ji dum, igiya ta saki. Ka rufe manaɗi, ka naɗe rarar har tsinin sanda ya kusa taɓa ruwa daidai lokacin da koto ke ƙasa. Riƙe sandar da hannu biyu, ɗaya a gaban manaɗi, gindinta a ƙarƙashin hammata. Sai ka ɗaga, ɗagawa ɗaya mai santsi kamar mai ɗaga tabarya, mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ba fizga ba. Za ka ji farantin yana kaɗawa, drrr, har cikin gwiwar hannu. In ba ka ji ba, ciyawa ta naɗe shi, ɗago ka share, domin maski ba ya kula koto mai ciyawa.

Saukarwa ita ce wurin da ake cin kasuwa, nan ne kuma aka fi yin asara. Yawancin kamu yana zuwa ne lokacin da koto ke faɗuwa. In ka sauke sanda da sauri igiya ta yi lako-lako, kifi zai kama ya tofar ba ka sani ba. In ka riƙe da yawa, koto zai sauko a mace, ba rai. Abin da ake so shi ne ka bi shi da tsinin sanda daidai saurin faɗuwarsa, igiya a miƙe amma ba ta ɗauke da nauyinsa. Wannan ba ya koyuwa da karatu. Ka gwada a ruwa marar zurfi inda kake ganin koton da ido har hannunka ya haddace. Da ya taɓa ƙasa, ɗaga nan take, kada ka bar shi ya kwanta ko daƙiƙa ɗaya. A inda duwatsu suka yi yawa, taɓa ƙasa sau ɗaya a cikin ɗagawa huɗu ko biyar ya isa, don dai ka san inda take. Ƙasa kuwa ba shimfiɗa ba ce, tana hawa tana sauka, dole ka dinga sakin igiya kana naɗewa. In ruwa ya yi sanyi sosai a Nuwamba, rage tsawon ɗagawar, ka ɗan riƙe koton a sama kafin ka mayar.

Kamun yana zuwa iri uku. Akwai wanda ba ya buƙatar bayani, sanda ta nemi ƙwacewa daga hannunka. Akwai ɗan ƙwanƙwasa guda, tik, kamar an taɓa igiyar da tsinke. Akwai kuma na uku, wanda ya fi yaudara: koto yana faɗuwa sai igiya ta saki tun bai kai inda ka san ƙasa take ba. Duk ukun amsarsu ɗaya, fizga sama da dukkan ƙarfinka. Dalilin ƙarfin shi ne, maski idan ya danne roba da haƙora, koton ba ya motsi a bakinsa, kuma in bai motsa ba ƙugiya ba ta shiga. Mutum zai iya jan kifi daƙiƙa goma yana murna, kifin ya buɗe baki kawai koto ya fito. Ya faru da ni, na ga faɗin bayansa a ƙarƙashin jirgi kamar katako, ya juya ya tafi, na ɗago roba duk ramukan haƙori. Shi ya sa ake ɗaure birkin manaɗi tam kafin a fara. In abin da ka fizga dutse ne, ba ka yi asarar komai ba.

Da ƙugiya ta zauna, lissafi ya canja. Tsakaninka da kifin igiya ce ta mita takwas kawai, marar miƙewa, shi kuma da sauran ƙarfinsa duka. Sassauta birki kaɗan, ko ka buɗe manaɗi ka danne da babban yatsa, don in ya zabura ya sami igiya. Sanda ta zauna a lanƙwashe koyaushe. In ya nufo sama zai yi tsalle yana girgiza kai, tsoma tsinin sanda cikin ruwa ka danne shi, domin koto mai giram 200 yana reto a bakin kifi guduma ce da ke fitar da ƙugiya. Kada ka ja shi da gaggawa daga ƙasa, kada kuma ka yi wasa da shi har ya galabaita. Minti biyu zuwa uku ya isa. Abokinka ya nutsa homa cikin ruwa, kai ka jawo kifin da kai ya shiga. Ba a bin maski da homa ta baya.

Wani abu da ake mantawa: duk lokacin da za ka ɗago koto don canja wuri, kada ka fizge shi daga ruwa. Maski yana da halin biyo koto har gindin jirgi. Ka tsaya saura rabin mita, ka tsoma sanda, ka zana lamba 8 babba a cikin ruwa sau ɗaya ko biyu kana kallon bayan koton.

Maƙalewa kuwa dole ce. Kada ka ja da sanda, za ta karye, kada kuma ka naɗa igiyar a hannu, za ta yanka har ƙashi. Saki igiya, ka koma da jirgi sama da wurin, ka girgiza daga can. Sau da yawa zai fito ta hanyar da ya shiga. In ya ƙi, naɗa igiyar a guntun katako ka ja. Robar da haƙori ya yaga ana gyara ta da wutar laita, a narka bakin a manne.

A tafki, inda ruwa ba ya gudu, aikin ya fi sauƙi ta wani gefe, ya fi wuya ta wani. Tsayar da jirgi ba wahala, amma babu ruwan da zai kai ka wurin kifi, kai za ka nemo shi. Abincinsa za ka bi. A tafkunan arewa irin Mille Lacs da Vermilion da Lake of the Woods, abincin manyan maski shi ne wani farin kifi mai maiƙo da ake kira sisko, wanda ke yawo garke-garke a ruwa mai sanyi. A na'ura garken yana fitowa kamar gajimare, maski kuma dogon zane mai kauri a gefensa ko a ƙasansa. Da kaka ruwan da ke saman tafki ya huce ya nutse, tafki ya juye, sanyin sama da ƙasa ya daidaita. Daga nan zuwa daskarewar ruwa ne lokacin ɗaga-saki. A Nuwamba sisko suna taruwa kusa da tudun duwatsu don zuba ƙwai, maski na biye. A nan ba lallai ka taɓa ƙasa ba. Idanun maski a saman kansa suke, sama yake kallo, saboda haka ka tsayar da koto mita ɗaya ko biyu a samansa. Koton da ke ƙarƙashinsa bai san da shi ba.

Tun da kamfanin Garmin ya fito da LiveScope a 2018, mutum yana iya kallon kifi yana motsi a allo, ya ga kotonsa, ya ga yadda kifin ke amsawa. Masuntan maski sun rabu biyu a kan wannan. Ni dai a ganina na'urar ba ta da laifi, sai dai ta buɗe ƙofar wata ɓarna: kifin da a da zurfi ke ɓoye shi, yanzu ba shi da maɓoya.

Kuma zurfin yana da iyaka, wannan ba maganar ra'ayi ba ce. Kifi yana da jakar iska a cikinsa. Nauyin ruwa a zurfin mita goma ninki biyu ne na sama, don haka kifin da aka jawo daga can da sauri, iskar cikinsa tana kumbura ninki biyu. Maski yana iya yin gyatsa ya rage ta, amma ba koyaushe yake samun sarari ba; sai ka sake shi ya kasa nutsewa, ya dinga yawo ciki a sama. Lokacin zafi abin ya fi muni, domin ka ɗauko shi daga ruwa mai sanyi ka kawo shi mai ɗumi yana a gajiye. Masu mutunta sana'ar ba sa neman kifin da ya wuce mita takwas ko tara, kuma idan zafin saman ruwa ya kai digiri 27 sukan ajiye sanda gaba ɗaya. Ka ga kifi a mita goma sha biyar a allo, ka wuce shi.

Kusan duk maskin da aka kama mayar da shi ake yi. Da na gaya wa kawuna haka a waya, mutumin da ya tsufa a kan ruwa a Yawuri, ya yi shiru sannan ya ce, “Ɗan nan, ka sha sanyi wuni guda, Allah ya ba ka, ka mayar? Lafiyarka kuwa?” Na ce, “Kawu, ko na kawo gida ba mai ci.” Gaskiya ce: maski ya daɗe yana cin wasu kifaye, sinadarin zaiba ya taru a namansa, hukumomin lafiya na Mishigan sun ce kada a ci na tafkin St. Clair. Ga shi ba ya girma da wuri. Mai tsawon santimita 127, wanda kowa ke mafarki, kusan kullum mace ce da ta shekara goma sha wani abu, kuma ita ke zuba ƙwai mafi yawa. Ƙungiyar Muskies Inc., da aka kafa a 1966, ita ta yi ta wa'azin saki har ya zama al'ada. Doka ma ta bi: a Minesota da wasu ruwayen Ontariyo ba ka da ikon riƙe wanda bai kai santimita 137 ba.

Sakin yana da kayan aikinsa, kuma wanda ba shi da su bai shirya fita ba: homa mai faɗi da zurfi wadda ragarta ke da rufin roba, doguwar filaya, almakashin yanka ƙugiya, safar hannu, da allon awo. Kifin ya zauna cikin homa, homa cikin ruwa, kansa a nutse, a nan za ka cire ƙugiya. Wadda ta ƙi fita cikin 'yan daƙiƙu, datse ta, ƙugiya ba ta da tsada. Ka kula da hannunka: ƙugiya ɗaya a bakin kifi, ɗaya a yatsanka, kifin yana birgima, wannan shi ne haɗarin da ya fi kai mutane asibiti a wannan sana'a. In za a ɗauki hoto, a shirya kyamara tukuna, a jiƙa hannu da allon awo don kada yauƙin jikinsa ya goge. Hannu ɗaya a ƙarƙashin muƙamuƙi ba tare da taɓa jan naman da yake numfashi da shi ba, ɗaya a ƙarƙashin ciki, a kwance. Kada a rataye shi a tsaye, nauyinsa yana ɓata masa gaɓoɓin wuya. Riƙe numfashinka lokacin da ka ɗago shi. In kai ka gaji, shi ma ya gaji. A mayar da shi, a riƙe gindin wutsiya, kai yana fuskantar ruwa, har ya fizge da kansa. Kifin da ƙugiya ta soke a baya ko a ciki ba kamu ba ne a doka, sakin sa wajibi ne.

A ruwayen Ditroit da St. Clair ana buɗe lokacin kamun maski ranar Asabar ta farko a Yuni, a rufe a Disamba. Iyakar ƙasa ta bi ta tsakiyar kogin, lasisin Mishigan ba ya aiki a ɓangaren Ontariyo, kuma ruwa ba ya tambayarka kafin ya tsallakar da kai. Wanda zai daɗe a harkar yakan yanki duka biyun. Wasu jiragen da ke bin kwarin tsawonsu ya kai mita 300, ba sa iya kaucewa, ba sa iya tsayawa. Da ka hango ɗaya, naɗe igiya ka ba shi hanya tun da nisa. Ruwan Nuwamba kuma yana kashe ƙarfin hannu cikin mintuna kaɗan, komai iya iyon mutum. Sa rigar ceto a jikinka tun daga gaɓa, kada ka ajiye ta ƙarƙashin kujera.